TUKUICIN INNA

SHAFI NA 19

Da sunan Allah mai kowa mai komai.

Masu cika min waya da "ina shafi, ina shafi", ga shi nan, ku sarara min. Ni ma tukunyata tana wuta, kuma ba ku ke wanke min kwanoni ba.

*

Sufyanu bai taɓa gudu da moto, wato babur, irin na ranar nan ba. Tun daga asibitin ƙauyen da yake majo, wato babban ma'aikacin jinya, har ƙofar gidansa a Tamaske, bai rage wuta ba ko don akuya. Mutane na ɗaga masa hannu, shi kuwa kai kawai yake kaɗawa. Wanda bai sani ba sai ya ce haihuwa ce ta zo da gardama.

Ba haihuwa ba ce, wasa ne.

Konsol ɗin, wato na'urar wasan tele, ta Shamsuddin ce, amininsa. Tun daminar bara ya zo da ita daga Abijan ya bar masa aro, da wani dogon wasa a cikinta na matafiyin da ke neman kogin da aljani ya sace. To bana an gama girbi, 'yan cin rani sun fara ɗaure kaya, Shamsuddin ya ce bayan la'asar zai biyo ya karɓi abarsa, don ya yi wa ɗansa alkawari. Motar Ƙonni ba ta jiran kowa.

Shekara guda da ɗoriya Sufyanu yana tsintar lokaci kamar kaza a masussuka. Kaɗan bayan azahar, kaɗan ranar Juma'a, da ya zauna sai waya ta yi ƙara: kunama ta harbi wani, wata na naƙuda, an yi rasuwa a dangi. Saboda ƙarancin lokaci, duk mutumin cikin wasan da ya tare shi da dogon zance, danna maɓalli yake yi ya wuce. A haka ya haɗa takobinsa, Mai Walƙiya, wanda ya ci masa watanni. A haka ya kai jaruminsa, Ɗan Adar, har gindin Ƙofar Ƙarshe.

Sai aka haifi Ikram.

Sai surukarsa ta zo daga Karofane don wankan jego, ta shimfiɗa tabarmarta a falo, daidai gaban tele. Shi ke nan. Wane suruki ne zai miƙe ƙafa gaban uwar matarsa yana danne-danne? Tun ranar suna bai ko kalli inda konsol take ba. Gaisuwa daga bakin ƙofa, a durƙushe, ido a ƙasa, ya tashi.

Amma yau ya roƙi abokin aikinsa ya riƙe masa gardi, wato zaman jiran marasa lafiya, kuma matarsa Fiddausiya ta tabbatar masa Inna za ta je barka maƙwabta.

Ya leƙa falo. Tabarma na nan, mai tabarma ba ta nan.

"Alhamdu lillahi!"

Ko rigar aiki bai cire ba. Ya duba batirin pano mai tara wutar rana, cike. Ya kunna tele, ya ɗauki manet, abin dannawar wasan. Kiɗan wasan ya tashi, tsigar jikinsa ta tashi tare da shi.

Hoto ya fito.

Murmushinsa ya tsaya.

Ɗan Adar ne, babu shakka. Amma ba a gindin ƙofa yake ba. Yana zaune a bakin wata rijiya, kansa da malfa irin ta masu noma, wata akuya na kwance gefensa.

"Malhwa?"

Ya buɗe jakar jarumin. Kwalaben maganin da ya tara don yaƙin ƙarshe, babu. Naman guzuri, babu. Ya gangara wurin makami da sauri.

Sanda. Sandar kiwo.

"FIDDAUSI!"

Ta fito daga ɗaki da jaririya a kafaɗa. Tana ganin tele ta juya za ta koma.

"Tsaya nan. Wa yat taɓa min wasa?"

"Wane wasa?"

"Fiddausi, ina takobina?"

"Sannu da zuwa dai tukun. In kawo ma hura?"

"Ba ni son hura! Mai Walƙiya ni ka tambaya! Wata nawa ina haɗa shi? Ranar da nig gama shi ke da kanki kinka yi guɗa!"

Ta cije leɓe. Dariya ce ke cinta, tsoro kuma na hana ta.

"Ba a iya maida abin baya?"

"Ba shi komawa baya! Abin da anka yi ya zamna, kamar duniya. Ke ta, ko? Hwaɗa min gaskiya, ba ni hushi."

"Ga hushi nan kana yi."

"To ina hushi! Ke ta?"

"Wallahi ni karatu kawai ni ka yi. Hwaransancin da ka hitowa ni ka maida mata da Hausa."

Sufyanu ya zuba mata ido.

"Maida ma wa?"

Daga bayan labule aka yi gyaran murya.

Jama'a, ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Labule ya ɗaga, ga Inna Zalika da carbi a hannu, lulluɓinta har goshi. Ashe barkar ba ta daɗe ba, ta dawo ta shige ɗaki tana salla, duk abin da aka faɗa a kunnenta.

Sufyanu bai san lokacin da ya zame daga kujera ya durƙusa ba. Manet na hannunsa, ya rasa inda zai sa ta, sai ya tura ta ƙarƙashin rigarsa kamar ɓarawon ƙwai.

"Ina wuni, Inna."

"Lahiya lau. Ya aiki?"

"Da godiya."

"Madalla."

Kiɗan wasa na ta tashi, akuyar cikin tele ta yi kuka.

Inna ta zauna a kan tabarmarta, ta gyara zane. Ba ta dube shi ba, don ba a haka. 'Yarta ta duba.

"Auta, ki ce ma mai gidan ga, ni ta."

Fiddausiya ta juya. "Inna ta ce ita ta."

"Na ji," in ji shi, da wata siririyar murya da shi kansa bai san yana da ita ba.

Yana son ya yi ihu, yana son ya yi birgima. Amma surukuta ta ɗaure masa baki tamau. Ya dubi ƙafar matarsa.

"Ki tambayi Inna... in babu damuwa... yaya anka yi?"

"Ki ce mai zaman banza yaf fi ƙarhina. Da sahe wanka, da marece wanka, tsakani sai kallon bango. Ni da nis saba da gona. Rannan kina shara kinka taɓa abin ya kama, nig ga yaro tsaye cikin rana gaban wata ƙohwa, shi ɗai, ko mai ba shi ruwa babu. Nic ce wanga ɗan wa na? Kinka ce na mai gida na. Nic ce to a gidanmu ba a barin yaro haka."

"Sai nin nuna mata yadda a ka tahiya," in ji Fiddausiya a hankali. "Kwana biyu ta hi ni iyawa."

Sufyanu ya rufe ido.

"Ki tambayi Inna... magungunan."

Inna ta ajiye carbi.

"Yawwa, gara da yat tada zancen. Ki ce mai na ji kunya. Garin da ke ƙasan dutcin ga, kowa ba shi lahiya. Maƙeri na tari, ɗiyar mai rijiya na kwance, ga tsoho da ƙahwa ta kumbura. Shi kuwa yaronai jaka cike da magani yana wuce su! Kuma wai likita na mai shi!"

"Inna, na yaƙi na..."

Ya manta ya yi magana kai tsaye. Ya yi maza ya juya ga matarsa.

"Ki ce ma Inna na yaƙi na."

"Ki ce mai na rabas. Dud sun warke. Kuma ki tambaye shi, shekara guda yana bin garin ga, ya san sunan mai rijiya?"

Bai sani ba. Ko fuskarta bai tuna ba.

"Ba shi gaida mutane," in ji Inna, tana kaɗa kai. "Kowa nig gaida sai shi ce, ashe kana magana? Ni nib bi gida gida nig gyara mai suna."

Fiddausiya ta juya baya, kafaɗunta na rawa don dariya. Har jaririyar ta farka.

Saura tambaya ɗaya, kuma ita ce mai zafin. Sufyanu ya share zufa.

"Takobin hwa?"

Nan Inna ta gyara zama. Muryarta ta sauka.

"Mai rijiya ta, da ɗiyarta tas samu sauƙi, ta aiko mai da malhwar ga. Wani bawan Allah yak kawo ta, ƙahwa ba takalmi, ya ratso daji. Ya miƙa, ya tsaya. Auta tac ce abin na tambaya ko za a ba shi wani abu. Nib buɗe jaka, babu komi, dud na bayas. Sai takobi."

"Sai kinka..."

"Yaba kyauta tukuici. Ɗan aike shi zaka gidan surukina shi koma hannu banza? Shi tai shi hwaɗa ma gari mi? Ni ban iya wagga kunya ba."

Gidan surukina. Maganar ta daki Sufyanu a inda bai shirya ba. Haushi na nan, bai tafi ko'ina ba, amma wani abu mai ɗumi ya zo ya zauna kusa da shi. Tsohuwar nan mutuncinsa ta kare, ko da a cikin tele ne.

Sai dai mutunci ba ya sare aljani.

Ya dubi inuwar da ke tsakar gida. Ta fara tsawo.

"Fiddausi, ki ba Inna haƙuri. Yau a ka amsar abin ga. Ina son in ga ƙarshe, ko da kashe ni za a yi."

Inna ta ɗago da sauri.

"Yau? Auta, ba ki hwaɗa min ba! To mi shi ka jira? Ki ce mai shi hiddo abin daga cikin riga, mun gani tun ɗazu."

Haka Sufyanu ya zaro manet, kunya kamar ƙasa ta tsage. Daga durƙushen da yake a bakin ƙofa ya tada Ɗan Adar, da malfarsa da sandarsa, ya nufi dutse da gudu. Akuya ta bi su.

"Ga maƙeri can, shi gaishe shi!"

"Inna ta ce ka gaida maƙeri."

"Babu lokaci!"

"Ya ce babu lokaci."

"Halin nan dai," in ji Inna.

Ƙofar Ƙarshe ta bayyana, baƙa, tsayinta ya cika tele. Mai gadinta ya miƙe, wani ƙato mai kan ƙarfe. Da Mai Walƙiya ne, da sara kaɗan ya ishe shi. Sufyanu ya kai masa sanda.

Ƙwas.

Ƙaton ko gezau. Ya ɗaga hannu ya make Ɗan Adar, sai ga shi can, malfa gefe guda. Jan layin rai ya zube saura ɗan kaɗan.

"Wayyo ɗan mutane!" Inna ta dafe ƙirji. "Tashi! Auta, ki ce mai shi kauce hagu! Hagu!"

"Hagu!"

"Na ji!"

Ya kauce, ya mirgina, ya ɓuya bayan wani dutse. Zufa ta jiƙa rigar aiki. Fiddausiya na tsalle a tsaye da jaririya, ta manta jego take.

Piiip! Piiip!

Ƙarar moto a ƙofar gida.

"Salamu alaikum! Majo! Hito da kayan, direba na jirana a tasha!"

Shamsuddin.

Shi ke nan, ba a fafe gora ranar tafiya. Shekara da ɗoriya, ga ƙofa yana gani, ba zai san abin da ke bayanta ba. Idonsa ya ciko, babba da shi, majo guda. Ya ajiye manet a ƙasa ya fara miƙewa.

"Auta."

Muryar Inna ce, irin wadda ba a musa mata.

"Ruwan wankan marece na bisa wuta?"

"Sun tahwasa."

"Tai zaure ki ce ma yaron ga, mai gida na ɗaukar ruwan wankan jego. Ba shi hita sai an ƙare."

Fiddausiya ta zaro ido, sai ta kwasa da sauri. Suna jin ta daga bayan katanga tana faɗa. Shamsuddin bai yi musu ba, don babu namijin da zai ce a katse wa mai jego wanka.

"To... Allah shi ba da lahiya," ya ce daga waje. "Ni na san jego, amma direba bai san shi ba! Ku yi da jiki!"

Fiddausiya ta dawo tana haki. Inna ta nuna tsakar gida da haɓa.

"Ki ce mai shi tashi shi ɗauko bokiti guda, kada in zama maƙaryaciya da tsuhwana. Ke kuma miƙo min abin."

Wallahi Sufyanu bai taɓa ɗaukar ruwa da sauri haka ba. Ya kwarfa daga tukunya, tururi na dukan fuskarsa, ganyen darbejiya na yawo a sama, ya kai bayan ɗaki ya dire. Rabin ruwan a ƙafarsa ya zube, bai ko ji zafi ba. Yana juyowa ya ji Fiddausiya ta ƙwala kira.

"Zaka! Zaka ka gani!"

Ya faɗo falo.

Inna na riƙe da manet da hannu biyu, carbi rataye a wuyan hannu. Ba ta kai wa ƙaton hari ba. Ta fito da Ɗan Adar daga bayan dutse, ta ɗauki malfarsa ta mayar masa, don ta ce ba a tsayawa gaban mutane kai buɗe. Yana sa malfar sai kiɗa ya canza.

Ƙaton ya tsaya cak.

Daga gefen tele wani mutum ya shigo, ƙafa ba takalmi. A bayansa wani abu na sheƙi.

"Shi na!" in ji Inna. "Ɗan aiken na!"

"Mai Walƙiya," in ji Sufyanu, kamar mai kiran ɗansa da ya ɓata.

Mutumin ya zo gaban Ɗan Adar ya durƙusa. Ya zare takobin, ya ɗora a tafin hannu biyu, ya miƙa. Rubutu ya fito a ƙasa.

Inna ta matsa gefe guda a kan tabarmarta. Ta buga wurin da tafin hannu. Kuma a karo na farko tun da aka ɗaura aurensa da 'yarta, ta dube shi ido cikin ido.

"Zamna nan. Karanta min da bakinka."

Fiddausiya ta rufe baki da hannu.

Sufyanu ya zauna. A kan tabarma ɗaya da surukarsa.

"Ya ce... na gane ka da malhwar ga. Ka ba ni abin da yaf fi ƙarhina ranar da ba ka da komi. Ga shi, in kana so ka amsa. In kuwa ka bar min, ka bar min."

Zaɓi biyu suka fito. Karɓa. Bari.

Inna ta ɗora masa manet a hannu, hannu da hannu, ba ta bi ta kan Auta ba.

Piiip! Piiip!

"Majo! Direba ya kira ni!"

Babban yatsansa ya tafi kan Karɓa da kansa. Da dannawa ɗaya takobi zai dawo, ƙato zai faɗi, ƙofa za ta buɗe. Abin da ya kwana yana mafarki ke nan tun bara.

"Abinka na," in ji Inna a hankali. "Ni dai a Karohwane ban taɓa ganin wanda yab ba da tukuici ya amshe ba."

Ta koma jan carbinta.

Sufyanu ya dubi takobin. Ya dubi jan layin da ya rage kamar zare. Ya dubi tsohuwar da ta sa shi ɗaukar ruwan zafi don kawai ta samo masa lokacin da ya kasa samo wa kansa.

"Wayyo Allah, Mai Walƙiya," ya ce.

Ya danna Bari.

Ɗan aiken ya miƙe. Ya juya wa Ɗan Adar baya, ya fuskanci ƙaton, ya ɗaga takobin sama. Sai ya sa yatsa a baki ya yi fito.

Manet ta fara rawa a hannun Sufyanu. Ƙasar cikin tele na girgiza. Daga bayan tudu kai ɗaya ya ɓullo, sai na biyu, sai tudun duka ya cika da mutane, masu guduma, masu galma, masu taɓarya.

Inna ta miƙe a kan gwiwa, lulluɓi ya zame ba ta sani ba.

"Maƙeri na! Ga mai rijiya da ɗiyarta! Dubi tsohon ga, ƙahwa ta sace, har gudu shi kai! Ayyururui!"

"Inna, a hankali, Shamsuddin na ji!"

"Shi ji!"

Ƙaton ya ja da baya. Ƙofar Ƙarshe ta yi wata ƙara, ta tsage daga sama, wani shuɗin haske ya fara zubowa ta tsagar, da ƙugin ruwa a bayansa. Sai wani hannu mai farata ya leƙo ya kama bakin ƙofar.

A waje moto ta mutu. Takun takalmi ya shigo zaure.

"Majo, wane irin wanka na wanga da a ka yi ma guɗa?"

Inna ta damƙe hannun rigar surukinta, idonta a kan tele.

"Sufyanu, kada ka waiga. Ni gaisuwa ni iya, na yi tawa. Shiga!"